Awo ya nuna 156/98 alhali ba na jin komai: me ke kawo hawan jini, kuma zai sauka ba tare da ƙwaya ba?

Tambaya: Wani magidanci ɗan shekara 47 da ke zaune a Anguwar Rogo a Jos, mai shago a wajen Terminus, ya ce ya raka abokinsa kemis, aka gwada shi cikin raha, na'ura ta nuna 156/98. Ba ya ciwon kai, ba ya jiri. Mahaifinsa shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalinsa. Yana son sanin abin da ke kawo hawan jini, da kuma ko zoɓo da tafarnuwa da zogale za su wadatar, domin ya ji ana cewa wanda ya fara shan ƙwaya ba ya rabuwa da ita sai kabari.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifi, kai kuma ya ƙara maka lafiya. Awo ɗaya da aka yi a tsaitsaye a kemis, wataƙila bayan ka sha rana ka kuma tauna goro, bai isa a ce kana da hawan jini ba. Bai kuma isa ka share shi ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a samu 140/90 ko sama da haka a ranaku biyu daban-daban. Rashin ciwon kai da jiri kuwa kada ya kwantar maka da hankali ko kaɗan. Yawancin masu hawan jini garau suke jin kansu shekara da shekaru, kusan rabinsu ma ba su san suna ɗauke da shi ba. Cuta ce mai kisan mummuƙe, wani bai san da ita ba sai ranar da baki ya karkace ko ƙoda ta tsaya. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi uku yana da shi.

Saboda haka aikin farko shi ne awo na gaskiya. Ka samu na'ura mai batir wadda ake ɗaurawa a dantse, ba ta tsintsiyar hannu ba, don ta tsintsiyar hannu ta fi saurin yin kuskure. Minti 30 kafin awo kada ka sha shayi ko kofi, kada ka ci goro, kada ka sha sigari. Ka yi fitsari tukuna, mara a cike tana ɗaga lambar. Ka zauna a kujera mai majingina minti 5, ƙafafu biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji. A ɗaura ɗamarar a kan fata, ba a kan hannun riga ko rigar sanyi ba, kuma kada ka yi magana har ta gama. Ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin karin kumallo da kuma da dare, har kwana 7, kana rubutawa. Ka watsar da na ranar farko, ka haɗa sauran ka raba da adadinsu. Idan tsaka-tsakin na gida ya kai 135/85, hawan jini ne. Abu ɗaya da ke yawan ɓata awo shi ne girman ɗamara: mutum mai kaurin dantse in aka matse shi da ƙarama, za ta nuna lamba fiye da ta gaskiya.

Sunan cutar kansa yana rikita mutane, suna zaton jini ne ya yi wa mutum yawa. Ba haka ba ne, mace ma da ke fama da ƙarancin jini tana iya samun hawan jini. Ka dubi masu noman rani a bakin kududdufan tsofaffin ma'adinan kuza, inji yana tura ruwa cikin tiyo. In mai ban-ruwa ya danne bakin tiyon da babban yatsa, ruwan bai ƙaru ba, amma ƙarfin da yake dukan jikin tiyon ya ƙaru, injin ma ka ji ya canza kuka. Zuciya ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyon. Lambar sama, 156 ɗinka, ƙarfin turin ne lokacin da zuciya ta matsa. Ta ƙasa, 98, abin da ya rage ne a jijiya lokacin da zuciya ta saki tana hutawa. In ƙananan jijiyoyi suka tsuke ko suka sandare, ko ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa fiye da kima, lambobin sai su hau. Shekara goma a haka, tsokar zuciya ta yi kauri ta gaji, matatun ƙoda su lalace, wata siririyar jijiya a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe.

Me ke kawo shi? A wajen mutum tara cikin goma ba a samun dalili ɗaya tilo da za a nuna da yatsa. Abubuwa ne ke taruwa. Akwai gado, kuma labarin mahaifinka ya sa ka cikin wannan layi. Akwai shekaru, domin jijiya tana sandarewa yadda tsohon tiyo ke yi. Akwai kuma jinsi: mu baƙar fata hawan jini ya fi kama mu da wuri, ya fi yi mana ɓarna, kuma jikin da yawa daga cikinmu ya fi jin gishiri, ƙodarmu tana riƙe shi. Waɗannan uku ba ka da iko a kansu. Sauran kuwa suna hannunka: gishiri, teɓa, zaman shago daga safe zuwa magariba, ƙarancin ganye da 'ya'yan itace, sigari da shisha, giya ko burkutu ga mai sha, da rashin isasshen barci.

Ragowar ɗaya cikin goma ɗin nan su ne waɗanda wata cuta ce ta haifar musu da shi, kuma don su ne ake dagewa a ga likita ko da mutum ya ƙudurta bin hanyar abinci. Ciwon ƙoda ne kan gaba. Sai wasu ƙananan halittu da ke zaune a saman ƙoda, waɗanda in suka yawaita fitar da sinadarinsu jiki ya riƙa tara gishiri. Sai matsalar maƙoƙo. Sai minshari mai ƙarfi, irin wanda numfashi ke ɗaukewa na 'yan daƙiƙu mutum ya zabura, ya wayi gari yana gyangyaɗi a shago. Ka tambayi maiɗakinka, ita ce za ta sani. Ga mata kuma akwai hawan jinin juna biyu, mai kai wa ga jijjiga, wanda shi ba a yi masa maganin gida ko kaɗan.

Akwai wani dalili da ba a cika kawo shi a rai ba, alhali yana cikin aljihun mutane da yawa: magungunan da ake saye ba tare da takardar likita ba. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da piroxicam, da haɗin nan na "ciwon jiki da gajiya" da ake ƙullawa a leda, in ana shan su kullum suna sa ƙoda riƙe gishiri, suna kuma rage ƙarfin maganin hawan jini. Dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke sha don ƙiba da sunan sha-ka-fashe, suna ɗaga jini da suga gaba ɗaya, haka wasu mayukan bilicin da ke ɗauke da danginsu. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci, da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, da lemukan ƙarin kuzari na gwangwani, duk suna cikin lissafi. Duk abin da kake sha, har na gargajiya, ka zuba a leda ka kai wa likita ya gani da idonsa.

Batun tunani kuma, da akan ce "tunani ne ya sa masa hawan jini", akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma an cika masa gishiri. Ɓacin rai da fargaba suna ɗaga jini na ɗan lokaci, damuwar da ta daɗe kuma tana hana barci, tana sa shan sigari da cin abin da aka samu. Illar wannan fahimta ita ce mutum ya ce ai yanzu bashin ya biyu, hankali ya kwanta, ciwon ya tafi, ya daina awo. Mutane da yawa da ba su da wata damuwa a duniya jininsu na kan 170.

To, mu zo kan abin da za ka yi da hannunka. Babbar hanyar da ta fi zoɓo da tafarnuwa da zogale in an haɗa su ita ce tukunyar gidanka. Abin da aka yarje wa baligi a yini bai kai giram 5 na gishiri ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye a cikin abinci, ba wanda aka barbaɗa kaɗai ba. Mu yi lissafin miya ɗaya. Dunƙulen magi mai giram 4 kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. In an jefa shida, an zuba wajen giram 12 ke nan. A ƙara babban cokali ɗaya na gishiri, wajen giram 18. Tukunya ta tashi da giram 30. In mutum takwas suka ci, kowa ya kwashi kusan giram 4 daga miyar dare kaɗai, ba a yi maganar gishirin da aka sa a shinkafar rana ba, da farin magi, da burodin safe, da yajin tsiren da aka tsaya aka ci a hanya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a wajen gishiri idon mai girki yana yaudararta, domin harshe ya riga ya saba.

Sai kanwa. Ana kiranta da wani suna na Turanci, potash, da ke sa mutane zaton sinadarin fotasiyam ce, mai amfani ga jini. Akasarinta sodiyam ce, wato ainihin sinadarin da ke cikin gishiri mai ɗaga jini, sai dai ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, don haka ba a lissafa ta. Ga ta a wake don ya yi saurin nuna, ga ta a ɗanwake, a miyar kuka da kuɓewa, a yakuwa don kashe tsami, ga kuma kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan kumburin zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da gashin jego. Mai hawan jini ya bar kunun kanwa gaba ɗaya, ya koma na tsamiya ko na gyaɗa. Wake kuma a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, zai nuna ba tare da ita ba. Hodar da ake sa wa cincin da kek don su tashi ita ma sodiyam ce, haka ƙwayoyin nan da ake jefawa a ruwa su yi kumfa don ɓacin ciki.

Yadda ake ragewa shi ne inda akasari ke faɗuwa. Maigida ya dawo daga asibiti a tsorace, ya ce daga yau kada a sa gishiri ko kaɗan, a ware masa tukunyarsa. Kwana huɗu abinci salam, ya fara tsayawa wajen mai balangu kafin ya shigo gida, mako biyu an koma gidan jiya. Abin da ke ɗorewa shi ne a rage a tukunyar kowa, a hankali. Ku zauna da uwargida, a daina ɗiba da hannu, a koma cokali. Mako biyun farko a cire kashi ɗaya cikin huɗu na gishiri da magi, in shida ake sawa a koma huɗu ko biyar. Bayan mako biyu a sake ragewa, har a kai rabi. Harshe yana sabawa cikin wata ɗaya zuwa biyu, har abincin biki ya riƙa yi maka zartsi. Gurbin da aka bari a cike shi da daddawa wadda ba a cuɗa ta da gishiri ba, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, attaruhu, garin busasshen kifi marar gishiri, da ɗan matsin lemon tsami a ƙarshe. Yara ma sun ci riba, tunda gadon da ka ɗauko su ma suna layinsa. Kada dai a bar gishiri mai aidin a koma na gargajiya da sunan ya fi lafiya, sodiyam ɗinsu ɗaya ne, kuma aidin ɗin yana kare mutum daga ciwon maƙoƙo.

Na waje kuma: kilishi, tsire da yajinsa, kifin gwangwani, tsiran alade ko na sa da ake naɗewa a leda, taliyar nan mai saurin dafuwa. Garin ɗanɗanon da ke cikin leda ɗaya ta wannan taliya yakan kai wajen rabin abin da aka yarje maka a yini, in za a ci a zuba rabinsa. A jikin leda ko gwangwani sodiyam ake rubutawa, ka ninka shi sau biyu da rabi ka samu nauyin gishirin. Wanda ya rage giram 4 zuwa 5 a yini, in yana da hawan jini, lambar samansa takan sauka da wajen maki 5. Akwai kuma gishirin da aka rage masa sodiyam aka maye da fotasiyam, wanda wani babban gwaji a ƙauyukan Sin da aka fitar a 2021 ya nuna yana rage shanyewar ɓarin jiki. Yana da kyau, amma haɗari ne ga mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini, sai an yi gwaji an ba ka izini.

Ɗaya gefen ma'aunin shi ne fotasiyam, wanda ke taimaka wa ƙoda fitar da gishiri, yana kuma sassauta jijiya. A nan mutumin Jos ba shi da uzuri, domin abin da mutanen Abuja da Legas ke saya da tsada a kasuwar Farin Gada ake loda shi. Dankalin Turawa na Bokkos da Mangu ya fi ayaba fotasiyam in aka auna nauyi da nauyi, da sharaɗin a dafa shi ko a gasa, ba a soya a barbaɗe da gishiri ba. Ga fiya, kabeji, karas, tumatir, alayyahu, koren wake, kokwamba, gwanda, lemo, kankana, dankalin Hausa, doya, wake da gyaɗa marar gishiri. Abin da ake so shi ne giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini. A aikace, rabin farantinka ya zama ganye, rubu'i tuwo ko shinkafa, rubu'i wake ko kifi ko nama marar kitse, sannan 'ya'yan itace biyu a tsakani. Gwaten acca da aka cika shi da alayyahu da yakuwa da yalo da wake, in an bar kanwa an rage magi, da wuya a samu abincin mai hawan jini da ya fi shi. Ƙara da kindirmo marar suga. Irin wannan tsarin ci, da aka gwada a Amurka aka fitar da sakamakonsa a 1997, ya saukar da lambar sama da wajen maki 11 ga masu hawan jini, abin da ya yi daidai da aikin ƙwaya ɗaya. Wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu ne kaɗai ba zai bi wannan ba sai da shawara, don shi fotasiyam taruwa yake yi masa.

Zoɓo da ka tambaya yana aiki, amma gwargwado. A wani gwaji da aka buga a 2010, cikin mutum 65 masu ɗan hawan jini, waɗanda suka sha kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida lambar samansu ta sauka da wajen maki 7. Ka lura, shayin zoɓo ne tsura, ba zoɓon gora na bakin titi da aka narka wa suga da kayan ƙamshi na kwalba ba. Yadda za ka yi: ka wanke busasshen zoɓo, ka zuba cikin cokalin shayi ɗaya zuwa biyu a kofin tafasasshen ruwa, ka rufe minti 6 zuwa 10, ka tace. Citta da kanumfari ba laifi. Kada a jefa kanwa don kashe tsami, an rushe aikin ke nan. Kofi biyu zuwa uku a yini ya isa, yin tulu guda ba ya ƙara amfani. Mai juna biyu ta bar shi a matsayin magani, wanda kuma ke kan ƙwaya ya faɗa wa likitansa, don in suka haɗu jini na iya sauka har a ji jiri.

Tafarnuwa tana ɗan taimakawa, ƙwaya ɗaya ko biyu a abinci, amma mai shan maganin tsinka jini ya yi hattara da yawanta. Zogale ganye ne mai kyau, ka ci kwaɗonsa da ƙuli marar gishiri sosai, sai dai ban ɗauke shi maganin hawan jini ba, hujjar da ake da ita a kan mutane ba ta da ƙarfi. Ƙaho ba ya saukar da hawan jini saukarwa mai ɗorewa, tunda ba yawan jini ne matsalar ba. Wanda na fi jan kunnenka a kai shi ne haɗin jarka da ake tallarsa da lasifika a tasha da bakin kasuwa, mai maganin hawan jini da suga da basir da sanyi a kwalba ɗaya. Ba ka san abin da ke ciki ba, ba ka san adadinsa ba, kuma ƙodar da hawan jini ya riga ya raunana ita ce za ta tace shi.

Teɓa kuma lissafinta mai sauƙi ne: kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya zubar, lambar sama takan sauka da wajen maki ɗaya. Ka ɗauki tef ɗin tela ka auna ƙugunka daidai cibiya, ya kamata ya gaza rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170 ƙugunsa kada ya kai 85. Abin da ya fi tara ta ga ɗan kasuwa shi ne lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu na suga da madara, da malmalar tuwo uku da ƙarfe goma na dare. Rabin kilo a mako ya wadatar.

Tafiya minti 30, kwana biyar a mako, takan rage maki 5 zuwa 8. Ba tafiyar rangwaɗa ba, irin wadda za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Daga Anguwar Rogo zuwa Terminus, ka sauka daga keke tun da sauran tafiya ka ƙarasa da ƙafa, hawa da gangaren Jos ma sun ƙara maka aiki. In ba ka saba ba fara da minti 10. Akwai kuma wani motsi da ake yi a cikin shago: ka jingina bayanka da bango, ka sauka kamar za ka zauna a kujerar da babu ita, ka tsaya iya ƙarfinka har ka kai minti 2, ka huta minti 2, sau huɗu, kwana uku a mako, kana numfashi ba tare da riƙe shi ba. Sanyi yana tsuke jijiya, shi ya sa awon Disamba da Janairu a Filato yakan fi na Maris, don haka lokacin hunturu ka rufe jiki sosai in za ka fita bayan asuba, ko ka mayar da tafiyar bayan la'asar. Wanda awonsa ya kai 180/110 ba ya fara motsa jiki mai ƙarfi sai an saukar da shi tukuna.

Barci awa 7 zuwa 8. Sigari da shisha a bar su baki ɗaya, don ɓarnarsu ga jijiya ta wuce abin da na'ura ke nunawa. Goro yana ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi, ɓari ɗaya ba tashin hankali ba ne, amma mai tauna shi wuni guda ya gwada kansa minti 30 zuwa awa ɗaya bayan ya ci, ya ga abin da yake yi masa.

Waɗannan makin ba a tara su kamar kuɗin ciniki, wani yana shiga cikin wani. Amma mutumin da ke kan 156 in ya riƙe gishiri da ganye da tafiya da gaske, sauka ƙasa da 140 abu ne mai yiwuwa. Sharaɗin shi ne a sa wa abin wa'adi, kuma na'ura ce alƙali, ba yadda kake jin jikinka ba. In awon kwana 7 ya tabbatar, ka je asibiti a duba fitsari, aikin ƙoda, suga, kitsen jini, a kuma ɗauki bugun zuciya. In duk sun fito lafiya, likita na iya ba ka wata uku kana wannan gyara kana awo. In kuwa akwai ciwon suga, ko ƙoda ko zuciya ta fara taɓuwa, ko awo ya kai 160/100, ba a jira, ƙwaya da gyaran abinci tare ake fara su. Da tarihin mahaifinka, kada ka yi mamaki in ya ce a fara yanzu, kuma in ya faɗa ina ganin ka karɓa.

Maganar cewa in an fara ba a dainawa, ba wai ƙwayar ce ke kama jiki kamar kayan maye ba. Tabarau ne: yana gyara gani muddin yana fuska, in ka cire idon ya koma yadda yake. Ciwon ne ba ya tafiya. Duk da haka akwai waɗanda suka rage ƙiba da gishiri har likita ya rage musu adadi, wasu ƙalilan ma aka dakatar ana sa ido. Abin da ke kai mutane kwance shi ne sha yau a bari gobe, ko a sha sai ranar da kai ya yi ciwo. Magungunan kuma an san waɗanda suka fi dacewa da mu. Wani gwaji a ƙasashen Afirka shida, wanda likitan zuciya Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta aka fitar a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. In amlodipine ta kumbura maka ƙafa, ko lisinopril ta sa ka busasshen tari, ko ka ga canji a wajen iyali, faɗa za ka yi a canza maka, iri-iri ne. Hawan jinin da aka bari shi kansa yana kashe ƙarfin namiji, tunda can ma jijiyoyin jini ne ke aiki. Da azumi kuma ba a ajiye magani, lokacinsa ake gyarawa zuwa sahur ko buɗa-baki, a tambaya tun cikin Sha'aban, musamman mai shan wanda ke sa fitsari.

Akwai halin da ba a tsaya dafa zoɓo. In awo ya kai 180/120, ka zauna minti 5 ka sake. In bai sauka ba a ga likita a ranar. In kuma ya zo da matsanancin ciwon kai, dishi-dishin gani, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko harshe ya harɗe, a nufi sashen gaggawa nan take, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko asibitin ƙwararru na jihar Filato, ko wanda ya fi kusa. Kada a ɗura wa mutum ruwa ko rubutu ko magani a baki, yana iya shaƙewa. Kada a ba shi asfirin kafin a san ko jijiya toshewa ta yi ko fashewa. Addu'a a yi ta a cikin mota ana tafiya, kuma wani ya riƙe lokacin da abin ya fara, don shi likita zai fara tambaya. Ka faɗa wa mutanen gidanka da yaron shagonka waɗannan alamu tun yanzu, ka kuma ce wa 'yan'uwanka da kuke uba ɗaya su je a gwada su.